Sai Ƙanƙara Ta Narke

Norbert Zastrow bai taɓa ganin teku da idonsa ba, amma duk ranar Asabar sai ya haɗa ruwan teku a bokiti. A ɗakin ƙasa, can ƙarƙashin gidansu da ke garin Wausau a Amurka, yake wannan hidima, sanye da tsohuwar rigarsa ta aiki, riƙe da wani ludayin roba da matarsa Ardis ba ta isa ta taɓa ba ko gobara ake yi. Ya auna gishiri, ya zuba, ya gauraya, ya ɗiga ɗigo guda a kan ma'auni ya ɗaga shi saitin fitila yana kanne ido ɗaya. In tsautsayi ya sa ka sauko a lokacin, ka shiga uku, don sai ka ji yadda ruwansa ya fi na ainihin tekun tsabta. Shi teku, in ji Norbert, kowa zuba masa shara yake yi. Nasa kuwa ya san abin da ke ciki.

Shekara talatin da huɗu ya yi a masana'antar takarda ta bakin kogi, kuma aikinsa duk tsawon shekarun nan shi ne zama gaban wani allo mai agoguna goma sha biyu yana kallon allurai. In allura ta gota ya danna maɓalli. Yawanci ba ta gotawa. Daga nan ya samo iliminsa na zaman duniya, wanda yake raba wa duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi a coci ko a wurin cin soyayyen kifin Juma'a: wai duk wahalar da mutum ya shiga, in ka bi sawu, daga tashi tsaye ta faro. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango, aka yi ta yabonsa cewa bai taɓa fashin aiki ba. Ba wanda ya tsaya ya tambayi ina ma zai je in ya yi fashin.

Ardis kuwa 'yar gidan masu kiwon shanun madara ce, can yamma da gari. Tun tana yarinya akwai wata kalandar masu sayar da abincin dabbobi a kicin ɗinsu, mai hoton igiyar teku tana dukan duwatsu. Shekarar ta ƙare, ta hana a cire shafin. Da Norbert ya zo nemanta bai da motar kirki, bai iya rawa ba, zance ma sai a hankali, amma ya ga hoton nan ya ce zai kai ta. Da wannan ya same ta, kuma ya san da wannan ɗin ne. Washegarin biki ya tuƙa ta awa biyu zuwa bakin Tafkin Michigan, ya tsaya ya buɗe hannuwa.

"To ga shi nan. Kina hango ɗaya gaɓar? Ba kya hangowa. Me ya rage kuma?"

Ardis ta tsuguna da takalminta na amarci, ta tsoma yatsa a ruwan, ta ɗanɗana.

"Ba gishiri, Norb."

"To ai za mu je na gaskiyar. Bari dai ƙanƙara ta narke."

A watan Mayu yake wannan magana, babu ko ɓurɓushin ƙanƙara a ƙasa. Ta baɗi yake nufi.

Ƙanƙara ta narke sau talatin da takwas. Da ta narke sai ciyawa ta taso, to wa zai yanke? Da an gama da ciyawa sai lokacin farautar barewa ya kama, ko da yake Norbert bai taɓa harbo ko zomo ba. Bukkar farauta ce kawai ta dace da halinsa, tunda zama ake yi a ciki. Daga nan sai wata ƙanƙarar. A haka aka haifi 'yarsu Joleen, ta girma, ta yi karatun jinya, ta auri wani mai gyaran injin jiragen kamun kifi, suka tare a Oregon, a gidan da in kana wanke-wanke kana kallon teku ta taga. Sai ka ce da gayya.

Joleen ta yi roƙo har ta gaji. "Mama, ki taho ke kaɗai mana. Baba ba zai mutu ba, akwai burodi a duniya."

Ardis ta ƙi. Ba tsoron jirgi take ba. So take ranar da ta ga abin nan ta juya ta sami wanda ya yi mata alkawarin tsaye a gefenta, ta ce masa, "Ka gani?" Ta san wauta ce, amma abin da ranta ke so ke nan, kuma ta riga ta jira da yawa da za ta karɓi rabi.

Ritaya ta zo ta ƙwace wa Norbert hujjarsa mafi ƙarfi. Joleen ta sa rana, Ardis ta sayi hular rana da wani takalmi na shiga yashi. Dama tun tafiyar Joleen yana da tankin ruwan gishiri a ɗakin ƙasa, da 'yan kifaye guda biyar masu sauƙin kai, irin waɗanda kowane maƙwabci zai iya barbaɗa wa abinci ya wuce. Saura sati uku tafiya sai ga Norbert ya dawo daga shagon kifaye rungume da wata leda kamar ya ɗauko jariri daga asibiti.

Masu harkar suna kiransa kifin kwaɗo, kuma shi kansa kwaɗon ya kamata ya kai ƙara. Girmansa bai wuce dunƙulen hannu ba, jikinsa duk ƙuraje da tsiro, launinsa na kabewar da ta fara lalacewa. Bai iya iyo ba. Da wasu 'yan hannuwa yake rarrafe a kan dutse, shi ma sai ya ga dama, wata rana sau ɗaya, wata rana ko oho. Bakin nan kullum a turɓune. Amma a goshinsa akwai wani siririn tsinke da ɗan tsoka a ƙarshensa, fatsarsa ke nan da kotonta. In yunwa ta taɓa shi sai ya ɗaga tsinken ya riƙa kaɗawa a hankali a gaban bakinsa. Ƙaramin kifi ya hango, ya ɗauka tsutsa ce, ya matso. Abin da ke biyo baya ido ba ya iya bi. Yanzu kifi na nan, yanzu babu shi, gogan kuwa yana zaune inda yake kamar bai san zancen ba. Cikin kwana goma ya gama da 'yan kifayen nan biyar, har da wanda ya kusa kai shi tsawo. Norbert ko a jikinsa. Tunda yake bai taɓa ganin halittar da ta burge shi haka ba.

Ardis ta sauko ta tsaya tana kallon tsinken nan yana kaɗawa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a sa masa suna Sanata. Norbert ya ji daɗi ƙwarai, ya ɗauka girmamawa ce.

Saura kwana shida tafiya ya ajiye cokali a kan tebur ya gyara murya.

"Ardis, kifin nan fa ba irin wanda ake bar wa maƙwabci ba ne. Kullum sai an ba shi abinci, kuma da sanda ake ba shi, a soke ɗan kifi a yi ta kaɗa masa har ya ɗauka mai rai ne. Hannuna kaɗai ya sani. Na yi nisan kwana biyu, mushe za mu tarar."

"To har yaushe ke nan?"

"Bari dai ya saba. In ƙanƙara ta narke sai mu gani."

Shekara uku Sanata yana sabawa. A cikinsu Joleen ta haifi 'ya mace aka sa mata Nola, suka kawo ta sau ɗaya da Kirsimeti, sauran girmanta duk a waya Ardis ta gan shi. Kullum ƙarfe huɗu na yamma Norbert zai sauka ɗakin ƙasa da fuskar likita, ya ja ƙofa. Gaskiyar magana, ranar Lahadi kaɗai yake ba kifin abinci, don haka ake yi, kowane littafi haka ya ce. Sauran kwana shidan zama yake a tsohuwar kujerarsa, shi yana kallon Sanata, Sanata yana kallon ruwa.

Kada a ce mugu ne, don ba mugu ba ne. Matsoraci ne, kuma wani lokacin abin da matsoraci ke yi wa na kusa da shi ya fi na mugu ciwo. A Wausau an san shi, an san kujerarsa a coci, mai kawo abinci a wurin kifin Juma'a ba ta ma tambayarsa me zai ci. In ya tuna filin jirgi, da layi, da a ce ya cire takalmi gaban jama'a, da garin da ba wanda ya san ya yi shekara talatin da huɗu bai yi fashi ba, sai tsoro ya kama shi. Bai taɓa gaya wa Ardis haka ba. Ya gwammace ya yi mata ƙarya da ta gane yana jin tsoro.

Babban abin alfaharinsa shi ne ya sauko da baƙo ya ce, "To, nemo shi." Sanata ya saje da duwatsu da soson tekun da ke cikin tankin har ba a iya bambancewa. Limamin cocinsu ya yi minti goma yana nema, daga ƙarshe ya nuna bututun iska. Mai gyaran tukunyar ɗumama gida ya rantse babu komai a ciki. Mutum ɗaya ce abin bai taɓa yi wa aiki ba. Ardis za ta sauko da kwandon wanki a kunkuminta, daga kan matakala ta ɗan waiga ta ce, "Ga shi can bayan dutsen hagu, ya yi hamma." Abin yana ba Norbert haushi, har wata rana ya tambaye ta yadda take yi.

"Shekara arba'in ina aure da kai, Norb. Na iya gano abin da ba ya motsi."

Ƙungiyarsu ta masu kiwon kifin teku tana da al'ada: Asabar ta ƙarshe a watan Fabrairu, lokacin da sanyi ya ishi kowa, sai a bi gida-gida a ga tankin juna, a yaba a gaban ido, a kushe a cikin mota. A shekara ta ukun aka sa gidan Norbert cikin jeri. Kwana goma sha uku ya hana Sanata abinci don a sha kallo. Ardis ta share matakala, ta yanka cuku kala uku da tsiran alade, ta dafa kofi tukunya biyu.

Mutum goma sha biyu suka cika ɗakin ƙasa, safa duk ta jiƙe. A gaba akwai Duane Pelkey, tsohon mai sayar da tayoyi, wanda tankinsa ke walƙiya kamar gidan rawa, bakinsa kuma ba ya hutawa.

"Norb, tsakaninka da Allah, akwai kifi a nan kuwa? Ko dutse kake kiwo muke ta yi maka kara shekara uku?"

"Buɗe idonka dai. Kai ka saba da kifayen da ke juyi don a tafa musu."

"Ni dai nawa suna gaishe ni in na shigo. Wannan naka ko mutuwa ya yi sai bayan wata za ka sani."

Aka yi dariya. Norbert ya soke ɗan kifi a bakin sandarsa, ya zura a ruwa, ya fara kaɗawa a hankali. Wani ƙullutu da kowa ya ɗauka soso ne ya ɗaga tsinke. Sai kawai aka ga sanda fayau, ba kifi. Ɗakin ya ɗauki "Kai!" gaba ɗaya, har Duane sai da ya ja da baya ya taka ƙafar wani.

Cikin baƙin akwai sabuwar shiga, wata matashiya Pakou Vang, mai tallan kayan asibiti. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, ina son irinsa! Amma ni aikina yawo ne, Mista Zastrow, wani lokacin sai in yi kwana goma ba na gida. Mutuwa zai yi mini."

A nan mai hankali zai ɗan waiwaya ya dubi matakala. Amma Norbert tunda aka haife shi bai taɓa samun mutum goma sha biyu sun yi tsit suna jiran abin da zai ce ba, kuma daɗin abin ya hau masa kai.

"Mutuwa? Haba yarinya, ai wannan shi ne kifin matafiya! Ni sau ɗaya nake ba shi a sati, ranar Lahadi. Ki bar shi sati biyu, ko uku ma, ki dawo ki same shi inda kika bar shi, ya ma fi lafiya. Yunwa ba ta kashe su. Yawan ci ke kashe su, abincin ya ruɓe musu a ciki. Duk wanda ya ce miki kullum ake ba su, ko dai bai san komai ba, ko kuma maƙaryaci ne."

"Nan kam gaskiya ya faɗa," in ji Duane, wanda bai taɓa goyon bayansa a kan komai ba sai yau.

Sai a lokacin Norbert ya ga farantin cuku a kan matakala ta uku, da hannuwan da ke riƙe da shi. Ardis ta ƙarasa saukowa, ta bi kowa da faranti tana murmushi, ta tambayi wa ke son ƙarin kofi. Da ta zo kan Pakou ta ɗan tsaya.

"Sati uku ya ce, ko?"

"E! Abin mamaki ko?"

"Abin mamaki ƙwarai," in ji Ardis. "Ɗauki cukun, 'yata, kada ki ji kunya."

Mutanen nan in za su yi sallama sai sun yi rabin awa a bakin ƙofa da rigunan sanyi a jiki, kuma Norbert ya tsani wannan ɗabi'a. Ran nan shi ya riƙa ja. Ya raka Duane har mota, ya tsaya cikin sanyi yana tambayarsa ra'ayinsa a kan tayoyin hunturu. Amma ko Duane yana da inda zancensa ke ƙarewa. Da ya koma ciki ya sami Ardis a kicin, ba ta taɓa wanke-wanken ba.

"Ardis, abin da nake nufi shi ne, kowane kifi da halinsa…"

"Zauna, Norb. Ai shi ka fi iyawa."

Ya zauna.

"Shekara uku ina yi wa kifin nan addu'a, ka san haka? A coci, gaban Allah, da bakina. Ina cewa Allah ka sa ya saba. Jikata ta yi haƙori, ta tashi da ƙafarta, ta fara magana, ni ina nan ina jiran kwaɗo ya saba."

"Ba kwaɗo ba ne, kifi ne…"

"Rufe min baki."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma shi ya fi tsorata shi. Kwana tara bayan haka matar Duane ta zo ta ɗauke ta zuwa filin jirgi, da hular rana a kanta cikin tsakiyar sanyin Maris. Kafin ta fita ta nuna masa wata takarda da ta manna a ƙofar firij.

"Tikitinka ke nan. Goma ga Mayu, ranar da muka cika shekara arba'in da biyu. Ƙanƙara ta narke a lokacin, na duba. Ni ba zan dawo ni kaɗai ba. Ka zo ka tsaya kusa da ni ka gani, sati ɗaya tak, sai mu dawo tare."

Da ya buɗe firiza da yamma ya sami robobin abinci guda tara a jere, taliya da nama da cuku, kowace an rubuta mata Lahadi. A kan ta saman akwai 'yar takarda da rubutunta: "Sau ɗaya a sati. Yawan ci ke kashe su."

Satin farko fushi ya riƙe shi. Ya ci burodi da man gyaɗa a tsaye, ya gaya wa bango cewa sati biyu ba za ta yi ba za ta dawo. Ranar Juma'a ya je cin kifi, mai kawo abinci ta ajiye faranti biyu kamar kullum, sannan ta dubi kujerar da ba kowa ta ɗauke ɗaya. Gidan ya yi masa girma. Ashe duk ƙarar da ya ɗauka ta gida ce, ta Ardis ce.

A rana ta goma ta kira shi da rana tsaka, yana jin iska na kaɗawa a wayar.

"Na ɗanɗana, Norb."

"To?"

"Akwai gishiri. Na juya zan ce ka gani, sai na ga karen su Joleen ne a gefena."

Akwai abubuwa da dama da mutum zai iya faɗa a nan. Norbert ya ji bakinsa yana cewa, "Kin san dai ruwan can bai kai nawa tsabta ba." Tun kafin ya rufe baki ya so ya haɗiye maganar, amma ta riga ta ce Nola na kiranta.

Ya sauka ɗakin ƙasa ko huɗu ba ta yi ba. Ran nan Laraba ce, ba ranar abinci ba. Sanata ya ga inuwarsa a jikin gilashi, ya ɗaga tsinke ya fara kaɗa masa. A duk faɗin gidan shi kaɗai ne mai rai da ya nuna ya san an shigo. Norbert ya ce sau ɗaya ba komai, ya ba shi. Washegari ma ya kaɗa, ya ba shi. Ya san doka sarai, shi ya karanta wa mutum goma sha biyu ita, amma sai ya sami wani ɗan sanyi a ciki: in Ardis ta kira, yana iya cewa "Yanzu na gama ba shi abinci," kuma karo na farko cikin shekara uku ba ƙarya yake ba. Shi kuwa Sanata ba a halicce shi da sanin ƙoshi ba. Duk abin da ya zo gaban bakinsa haɗiyewa yake.

Tsakiyar Afrilu ya sauko da safe ya same shi a saman ruwa, a karkace, ciki ya kumbura, 'yan hannuwan nan suna laluben dutsen da babu. Norbert ya canja ruwa, ya auna gishiri sau biyar, ya buɗe littattafansa ya rufe, don ya san abin da za su ce. Kwana biyu aka yi ana haka. A na ukun da hantsi numfashi ya tsaya. Da kofi ya ɗebo shi tare da ruwansa, don ba a fito da irinsu cikin iska, ko da yake yanzu ba abin da iskar za ta yi masa. Ya zauna a kujera da kofin a hannu ya yi kuka sosai, kuma ba na kifin kaɗai ba ne. Ƙasar filin gidan ba ta gama saki daga daskarewa ba balle a yi haƙa, don haka ya naɗe shi a ledar burodi ya sa a firiza, kusa da robobin Lahadi da suka rage.

Yanzu fa babu abin da ya riƙe shi, kuma ya sani. Ya tsaya gaban firij ya karanta tikitin nan har ya haddace lambar kujera. A yi masa adalci: har akwati ya sauko da shi daga saman silin, ya kakkaɓe, ya saka safa ƙafa bakwai da wandon da Ardis ke so. Kwana huɗu akwatin yana buɗe a kan gado, shi yana kwana a gefensa. Bai kashe fitilar tankin ba, bai kashe injin ba, wai sai ya yi tunani.

Sai ga Duane ya zo aron gishiri. Ya sauko yana surutu, ya duƙa gaban tanki ya ƙura ido, can ya doki cinya.

"Ga shi can! Yau kam na kama ɗan banza! Can ƙasan dutsen dama, ko ba shi ba ne? Kai, ya yi ƙiba fa."

Wani ƙullutun dutse yake nunawa, wanda gansakuka ta rina ya yi launin kabewa. Norbert ya buɗe baki. Kalma biyu ce kawai, ya mutu, daga nan sai filin jirgi. Ya dubi dutsen, ya dubi Duane.

"Idonka ya fara buɗewa," ya ce.

Da yamma akwati ya koma saman silin.

Ranar Juma'a tara ga Mayu, wajen ƙarfe huɗu, Ardis ta kira shi ta bidiyo. Rana ta ɗan ƙona mata hanci, gashinta a hargitse, ya ga ta yi kyau har abin ya ba shi tsoro. A bayanta yana hango tagar kicin ɗin Joleen da wani shuɗi mai faɗi da bai yarda ya kalla ba.

"Ƙarfe nawa Duane zai kai ka gobe? Na gyara mana ɗaki. Nola ta yi maka zane, wai kai ne da kifinka."

"Ai dama zancen da nake so mu yi ke nan." Ya share wuya. "Sanata ne ba ya jin daɗi kwana biyun nan. Ba wai wani abu ba ne, amma ka bar shi a wannan halin… Kin gane dai. Ko zuwa kaka, in ya warware."

Ta matso da fuskarta kusa da wayar.

"Nuna min shi."

Ya sauka matakala da wayar a hannu. Ya juya ta saitin gilashi, ya sa yatsa a kan dutsen dama. "Ga shi nan. Kin ga ya lafe, haka yake yi in ba lafiya."

"Cire yatsanka. Ja baya in ga tankin duka."

Ya ja baya. Ta jikin gilashin yana ganin fuskarta a 'yar wayar, yana ganin tasa inuwar a tsaye. Idonta bai ko tsaya a kan dutsen ba. Ya bi kusurwar hagu, ya bi bayan bututu, ya bi ƙasan soso, irin duban da take yi daga kan matakala da kwandon wanki. Ta sake bi karo na biyu, a hankali, kamar mai fatan ta yi kuskure. Sannan idon ya dawo ya tsaya a kan inuwarsa.

"Na gan shi," ta ce. "Yana nan inda na bar shi."

Limami bai gane ba, Duane bai gane ba, kuma Norbert ya yi sati uku yana gaya wa kansa ita ma ba za ta gane ba. Ya juyo da wayar. Ba fushi a fuskarta, shi kuwa fushin yake nema, don mai fushi bai gama da kai ba.

"Ka aiko min da keken ɗinkina, Norb. Matar Duane ta san yadda ake naɗe shi. Da rigar sanyina mai ruwan toka."

"Rigar sanyi kuma? Ardis, a watan Mayu? To ke yaushe za ki dawo?"

Ta dube shi, ba gaba, ba wasa.

"Bari dai ƙanƙara ta narke."

Wayar ta yi duhu. Ta 'yar tagar ɗakin ƙasa, wadda take daidai da ƙasan waje, yana ganin ciyawa kore shar, har ta isa yanka. Ya daɗe a tsaye, injin tanki yana ta gurnani yana juya ruwa a kan duwatsu.

Washegari Asabar ce. Ƙarfe tara da kwata jirgin ya tashi, shi kuma a lokacin yana duƙe a kan bokiti yana auna gishiri.